Ni da Jemagen Gwamnati a Ɗakin Sama

Yau da safe, jama'a, sai da na kai haƙorana kicin na ajiye su kusa da murhu kafin su yarda su koma bakina. Na roba ne, a kofin ruwa suke kwana, ruwan kuwa ya wayi gari ya daskare da su a ciki, suna yi mini dariya ta cikin ƙanƙara. Garin saukowa kuma na sara goshi da katakon rufi. Duk wannan a gidana ne fa, gidan da na mallaka da gumin tuƙin bas, ba a tashar jirgin ƙasa na kwana ba.

Za ku ce me ya kai tsoho kamata kwana a ɗakin ƙarƙashin rufi ana tsakiyar hunturu. To ku gyara zama.

'Yata Hiske tana aure can kudu. Tun farkon bazara, cikinta bai ko fito ba, ta faɗa mini ba kwana-kwana cewa in ta sauka lafiya za ta kawo mana jikanmu Kirsimeti, amma ba za ta kwantar da jariri a firjin nan namu na sama ba. In ba a gyara ba, gidan surukanta za ta, inda ɗumi ke fitowa ta ƙarƙashin daɓe. Ban ga laifinta ba, a ɗakin ta girma, da safa biyu take barci. Uwargidana Aukje kuwa ta dube ni ta ce in jikanta ya yi Kirsimetinsa na fari a gidan wasu, to in shirya cin dankali mai sanyi har Ista.

Ban damu ba, don kuwa muna da manya masu tausayi. Mai Girma Sarkin Ɗumi, Allah ya ƙara masa gas, ya tsaya a dandalin kasuwa lokacin neman ƙuri'a ya rantse cewa kowane rufi a garin nan zai yi ɗumi kafin hunturu. Muka yi tafi har hannu ya yi zafi. Ba wanda ya tambaye shi wane hunturun.

Na sayo bargon rufi, irin audugar nan mai kauri da ake shimfiɗawa a bayan katako don kada ɗumi ya gudu, na jibge shi a sama naɗi-naɗi, na hau keke sai Ofishin Ɗumi. Jami'in ya ba ni kofi da biskit guda, ya yaba mini da kishin ƙasa, sannan ya ce saura abu ɗan kaɗan, in leƙa ƙofar da ke kallon tasa. Can ne Ofishin Masu Fiffike, ƙarƙashin Mai Girma Garkuwan Jemagu. Wata baiwar Allah mai tabarau ta shaida mini cewa ba ni da ikon taɓa rufina sai an tabbatar babu jemage a ciki, don doka ta kare shi, wai irinsa na raguwa.

Na ce, “Ranki ya daɗe, tun ba a haife ki ba nake gidan nan, ban taɓa ganin jemage ba. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo.”

Ta ce, “Rashin ganinka ba hujja ba ne, baba. Ƙila shi ya gan ka.”

Da zafi ya shigo aka turo mai ƙidayar jemagu, wani dogo da na'urar sauraron kukan jemage kamar rediyo. Ya tsaya ƙarƙashin indararo da magariba ya miƙa ta sama, ya cinye rabin kek ɗin tuffa na Aukje, shiru kake ji. Yana shirin tafiya na'urar ta yi ƙyas sau ɗaya. Maƙwabcina Douwe ya rantse birkin kekensa ne, don a daidai lokacin ya shigo layi, amma dogon ya riga ya yanke hukunci: akwai yiwuwar jemage. Daga ranar na zama ɗan haya a gidana.

Ku ji tsarin, don ilimi ne. Da zafi ba a taɓa rufi, wataƙila uwar jemage tana shayarwa. Da hunturu ba a taɓawa, barci suke. A tsakani akwai ɗan lokaci da kaka da aka yarda a yi aiki, in izini ya fito. Nawa ya fito kuwa, har da taya murna, bayan lokacin ya wuce ganye ya gama zuba. Ni ban taɓa ganin gwamnati mai ladabi irin tamu ba, ko za ta hana ka abu sai ta taya ka murna.

Douwe shi bai tambayi kowa ba. Mutum ne da iska in ta shigo masa ta kafa yake ɗaukarta ɓarauniya. Ya danna bargonsa har jikin rufi, ya bi duk wata kafar iska da ke bakin rufin ya cusa mata tsofaffin safa da jarida, ya fito da singileti yana yi mini kirarin matsoraci. Ba a daɗe ba rufin ya fara gumi. Tururin girki da na wanka ya hau sama ya rasa hanyar fita, ya koma ruwa, yana ɗiga masa a sanƙo. Katako ya yi baƙi da fumfuna, gidan yana wari kamar tsohon takalmi, matarsa ta kwashe kayanta masu kyau ta kai gidan ƙanwarta. Gyaran gangar auzinawa kenan. Ashe rufi ma numfashi yake yi. Duk da haka ya leƙo ta katanga yana ba ni shawara in yi nawa a ɓoye. Na dubi sanƙonsa da ke sheƙi na ce na gode, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

A nan kaɗai ofisoshin biyu suka taɓa haɗa baki: a bar kafa. Ɗaya ya ce don iska, ɗaya ya ce don baƙo mai fiffike.

Kada ku ce manyan sun zauna haka nan. Garkuwan Jemagu ya buɗe wa jemagu masauki na akwatuna a bangon ofishinsa, aka kafa rumfa mai hita, aka kira 'yan badujala, aka yanka ƙyalle. In ma da jemage a unguwar, ganga ta kore shi. Na ɗaga kai na ga tagogin ofishin duk a buɗe, wai hita ta yi musu yawa. Mu kuma an aiko mana da nasiha mu rage wuta mu ƙara rigar sanyi, don ƙasa ta yi tanadi.

Ana nan Hiske ta sauka, namiji, aka sa masa Jelle. Da Kirsimeti ya matso ta bugo waya ta ce, “Baba, an gyara?” Na fara kame-kame, ina jawo maganar izini da kaka da shayarwa. Gaskiya raina ya ɓaci, don na riga na hango yaron a cinyar wancan kakan mai ɗumin daɓe. Aukje ta fizge wayar.

“Ku taho,” in ji ta. “A ɗakinmu za ku sauka. Ni da ubanki za mu hau sama.”

Hiske ta ce ba za ta kori tsofaffi daga gadonsu ba. Uwarta ta ce ba shawara ta nema ba, ta kashe waya.

Shi ya sa kuka gan ni a sama. Bargon rufin yana nan a naɗe cikin ledarsa, mun jera shi mun ɗora katifa a kai, don haka ta ƙasa dai ba mu da ƙorafi. Ta sama kuwa iska na shiga tana fita yadda doka ta tanada. Jemagen har yau ban gan shi ba, amma muna magana ƙasa-ƙasa kada mu tashe shi.

Da ƙanƙarar haƙoran ta narke na mayar da su baki, na leƙa ɗakinmu. Ga ɗan ƙwacen a tsakiyar gadona ya baje, kumatu jajur don ɗumi, Aukje na gefensa tana ce masa angona, wai ta yi sabon miji ta huta da tsoho mai tari. Ya ƙwace gado, ya ƙwace mata. Na miƙa masa yatsa, sanyi ƙalau, ya yamutsa fuska kamar zai yi kuka, sai kuma ya damƙe ya ƙi saki. Wallahi nan take na yafe wa kowa, har dogon da ya cinye kek.

Sai dai ina da ɗan rahoto ga Mai Girma Garkuwan Jemagu, Allah ya ja zamaninsa. An samu wata halitta a rufina. Furfura gare ta, ba ta gani sosai, ba ta da haƙora nata na kanta, irinta kuma kullum raguwa suke. A turo dogon ya ƙidaya ta, ko ita ma a ba ta akwati mai ɗumi. In kuma sharaɗin sai an same ta a rataye kai ƙasa, Douwe ya ce zai riƙe mini ƙafa.