Na Je Wa Alhaji Mudi Ta'aziyyar Kansa

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin nan ta bayan ƙaramar Sallah ba, ko da yake gara in faɗa tun yanzu cewa an kwana biyu, kuma wanda ya sha kunya ba kasafai yake tuna abu daidai ba. Wataƙila na rage wani abu, wataƙila na ƙara. Abin da na tabbata kawai shi ne ni na jawo.

A lokacin ban daɗe da gama digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma ba (har jarrabawa na ci a kan kiyaye sirrin marar lafiya, da maki mai kyau kuwa). Ina haya a ɗakin ƙasa na wani gida a Upper Marlboro, kusa da Washington a Amurka, ina neman aiki, ina kuma neman auren Hafsat, 'yar Alhaji Mudi. Alhaji injiniya ne da ya yi ritaya, dattijon da in ana walima ba mai kai hannu akushi sai ya yi bisimilla. Magana ta yi nisa, don har an tsayar cewa Asabar ta gaba kawuna na Manassas zai zo da mutum biyu su nema mini aurenta.

Ni mutum ne mai fargaba. In na ji jiniya a titi sai na lissafa duk wanda na sani a unguwar. Wata rana na je gaishe da Kawu, na tarar maƙwabcinsa, wani tsohon Bature da ya yi aikin sa-kai da 'yan kwana-kwana, ya baza tarkacensa a bakin gareji yana sayarwa. A ciki akwai sikana, wato rediyon da ke kamo maganar masu tura motocin kashe gobara da na asibiti. Baƙa ce, mai nauyi, eriyarta ta ɗan lanƙwashe. Tsohon bai ɓoye mini komai ba. Ya ce ta tsufa, 'yan sanda sun daɗe da komawa na'urorin da ba ta iya kamawa, kuma ko masu motar asibiti kiran farko kaɗai zan ji, lokacin da ake tura su. Da sun isa wurin sai su koma wata tashar. Ya ce zan riƙa jin farkon labari ban ji ƙarshensa ba. Na ce masa ba komai, ni mai hankali ne, na biya na ɗauko ta.

Na ɗauka za ta rage mini fargaba. Ƙara ta ta yi. Ina cike takardun neman aiki tana gefe tana shuu, sai muryar wata mata da ba ta hawa ba ta sauka: hayaƙi a kicin, mota ta bugi mota, tsohuwa ta zame a banɗaki. Har littafi na buɗe ina rubutawa (kada a tambaye ni don me). Hafsat ta taɓa ganinta ta ce wannan ai gulma ce da eriya. Na yi dariya na ce ilimi ne.

Ranar Asabar ɗin, kafin azahar, na ji an kira sunan titi da lambar gida. Ban ji kuskure ba, lambar gidan Alhaji ce, inda na sha ajiye mota. Matar ta ce namiji ne mai kimanin shekara saba'in, ya faɗi a tsakar gida, ba ya amsa magana. Masu motar asibiti suka ce sun kama hanya. Daga nan shiru, sai wani kira game da ƙararrawar gobara a wani kanti.

Daga ɗakina zuwa gidan Alhaji bai fi minti goma ba. Ina da lambar Hafsat, ina da ta mahaifiyarta Hajiya. Ban je ba, ban kira ba. Na ce in na je, a matsayin wa? Ba a ba ni ba tukuna. In na kira Hafsat, tana wurin aiki a wani kantin magani a cikin Washington, zan tayar mata da hankali a kan abin da ban tabbatar ba. In na kira Hajiya za ta ce ina na ji. In kuma na yi shiru wani abu ya faru, da wane ido zan dube su? Sai na zaɓi abin da na ga ya fi kowanne taka-tsantsan: in rubuta a guruf ɗin jama'armu na waya, mai mutum kusan ɗari biyu. Sau huɗu ina gogewa ina sakewa don kada in faɗi abin da ban sani ba. Ga abin da na tura:

"Salamu alaikum. Ban tabbata ba, kuma Allah Ya sa ba haka ba ne, amma kamar jikin Baba Alhaji Mudi ya ɗan motsa. Waɗanda ke kusa, in da hali, a leƙa gidan. A sa shi a addu'a."

Na ji daɗin kaina. Ban ce ya faɗi ba, ban ce motar asibiti ba.

Abin da na manta, kuma bai kamata ni dai in manta ba, shi ne a wurinmu ba a buga wa mutum labarin mutuwa a fuska. Ranar da mahaifina ya rasu ina makaranta a Zariya, cewa aka yi jikinsa ya ɗan motsa, in da hali in taho gida. Tun a tasha na san abin da zan tarar. Duk wanda ya girma a gida ya san wannan lallami, kuma ga shi na rubuta shi cif, har da "Allah Ya sa ba haka ba ne".

Cikin minti kaɗan wani ya rubuta Inna lillahi. Wani ya tambayi wane masallaci. Wata ta tura wa 'yar'uwarta a Kano, ita kuma ta garzaya gidan yayar Alhaji, tsohuwar da ta goya shi. Wayar Hajiya ba ta shiga, don kowa ita yake kira, sai rashin shigar ya zama shaida. Can sai ga saƙo ya dawo guruf daga Kano, da hoton Alhaji a Makka, cewa dangi sun tabbatar.

Nan ne wautata ta cika. Da na ga "dangi sun tabbatar", sai na yarda. Ban tsaya na tambayi kaina daga ina dangin suka ji ba. Na zauna na yi kuka na gaske, na yi alwala, na sa farar kaftani da hula, na tsaya a kanti na sayi katan biyu na ruwa saboda masu zaman makoki. Har a zuciyata ina cewa aƙalla ni na fara sanar da jama'a.

Motoci sun cika titin har gaban gidajen maƙwabta. Na shiga falo da katan a kafaɗa, idanuna jajur, ina shirin cewa ya haƙuri. Alhaji Mudi na zaune a kujerarsa, da singileti da wandon aikin lambu, ganyen ciyawa a gwiwarsa, yana riƙe da kofin ruwan lemo. Mutum wajen talatin sun kewaye shi, rabinsu da fararen kaya irin nawa, ba mai kallon wani.

Abin da ya faru, kamar yadda na ji daga baya, Alhaji ya yi shekara da shekaru da ciwon suga, bai yarda kowa ya sani ba sai iyalinsa. Ya sha maganinsa, ya ɗauki azumin Sitta Shawwal ba da son likita ba, ya fita yankan ciyawa cikin rana, sugan ya faɗi. Masu motar asibiti suka farfaɗo da shi cikin ɗan lokaci, ya ce ba inda za shi, suka tafi. Da a ce na yi shiru, da magariba ma ba wanda zai sani.

Alhaji ya gama waya da yayarsa, wadda sai da ya rantse mata cewa shi ne. Ya ajiye wayar ya tambaya, a hankali, wa ya fara. Malam Habu, mai tasi, wanda shi ke kula da guruf ɗin, ya sa tabarau ya yi ta jan saƙonni sama. Ina tsaye da katan ina ji yana wuce sunaye ɗaya bayan ɗaya. Ya iso nawa, ya karanta shi da ƙarfi, da sunana, har da inda na ce ban tabbata ba.

"Ɗana, ajiye ruwan," in ji Alhaji. "Wa ya gaya maka?"

Na ce rediyo ne, Baba.

"Har a rediyo aka sa?"

Dole na yi bayanin sikana a gaban kowa: Baturen Manassas, eriya, farkon labari da ƙarshensa. Malam Habu ya ce to ai sai in riƙa sanar da su cunkoson hanya ma, tunda ina da tasha. Mutum biyu suka yi dariya suka haɗiye ta. Alhaji bai yi ba.

"Ka ji na faɗi, ka san ƙofar gidan nan," ya ce. "Da ka zo ka kama ni, da na ce na yi ɗa."

Ana cikin haka Hafsat ta shigo da rigar aikinta. Wata 'yar gwaggonta ce ta kira ta daga Kano tana kuka tana ba ta haƙuri. Ta baro kanti ta hau tasi, ta yi tafiyar minti arba'in a matsayin marainiya. Ta durƙusa ta riƙe ƙafar mahaifinta ta daɗe. Da ta tashi aka nuna mata saƙon. Ba ta ɗaga murya ba.

"Kana da lambata," ta ce. "Mutum ɗari biyu ka zaɓa."

Na ce ba na son in tayar mata da hankali ne. Na so ƙasa ta tsage tun kafin in rufe baki.

Tun daga ranar duk walimar da Alhaji ya je sai an janye masa kwanon alkaki ana yi masa sannu, shi da ya ɓoye ciwonsa shekaru don kada a yi masa haka. Ranar Laraba ya kira Kawu. Bai ambaci sikana ba, bai ambaci guruf ba. Cewa ya yi jikin nasa sai a hankali, maganar Asabar a ɗan dakata tukuna, in da rabo za a yi. Kawu ya ce mini ai dakatawa ce kawai, in kwantar da hankalina. Ni kuwa na san yadda mutanenmu ke faɗin abin da ya mutu. Wannan karon na gane tun daga kalmar farko. Hafsat ta yi aure bara, na ji an ce mutumin kirki ne.

Darasin da na koya ba mai daɗi ba ne. Na daɗe ina kiran kaina mai taka-tsantsan, ashe tsoro ne kawai ya iya rubutu. In ka ji mutum ya faɗi, ko dai ka tafi ka ɗaga shi, ko ka kama bakinka.

Waɗanda suke falon ran nan, in na yi kuskure a gyara mini. Wasu sun ce katan ɗaya na ɗauko ba biyu ba, wasu sun ce Alhaji shayi yake sha. Duk wanda ya fi ni tunawa ya aiko, amma don Allah ni kaɗai.