Autan Samari a Gonar Shinkafa

In ana neman matashi na gaske a duk faɗin tsibirin Jawa, a zo ƙauyenmu Karangwuni a ga Pak Darmaji. Shi ne shugaban ƙungiyar matasa tun iyayen matasan yanzu suna rarrafe. Jikokinsa ma 'yan ƙungiya ne. A gabansa Pak Shugaba ake cewa, wato Baba Shugaba, a bayansa kuwa Autan Samari.

Ga shi da baiwar jawabi. Ranar bikin 'yancin kai, da aka taru a fili don wasanni, ya fito cikin fararen kaya har takalmi, ya karɓe lasifika.

"Mu matasa," in ji shi, yana dafe da ƙugunsa mai ciwo, "mu ne manyan gobe!"

Ya yi ta zuba har kerupuk, soyayyen garin rogo mai ƙaras-ƙaras da aka rataya a igiya don gasar ci, ya sha iska, ya yi laushi kamar tsumma.

Bana abin da dalili. Zaɓen shugaban ƙauye ya ƙarato, shi kuma ya fito takara. Don haka ya sanar cewa kowane wasa shi zai fara gwadawa, masu ƙuri'a su ga jini a jika. To, kowa ya ce zai haɗiye gatari, a riƙe masa ƙota.

A tseren buhu ya yi tsalle biyu, ya tsaya yana haki, ya ce buhun ba na ƙa'ida ba ne. Da aka zo wasan lalubo alewa da baki a tiren fulawa, ya duƙa cikin isa, atishawa ta ƙwace masa. Limami da sauran manyan baƙi da ke layin gaba suka koma fari fat.

"Ku lura da kyau," ya ce, "wannan shi ne kuskuren da nake so ku guje wa."

Sai babban wasa, dambe da matashin kai a kan gorar da aka shafe da sabulu, aka gitta bisa lakar gonar tsoho Mbah Kasmo. Shugaba ya hau ya zauna ɗare-ɗare.

"Wa zai kara da ni? Ban taɓa faɗuwa daga kan gorar nan ba!"

Gaskiyarsa, don bai taɓa hawa ba. Matasa suka ja da baya, wa zai ɗaga hannu ya doki kakan abokinsa? Sai matarsa Bu Warsinah ta ajiye farantin soyayyen tempe na waken soya, ta tamke zani, ta hau.

"Bu, sauka. Wannan wasan samari ne."

"Haba Pak! Tun da muka yi aure nake kakkaɓe katifarka. Yau dai bari in gwada mai katifar."

Aka busa usur. Ya ɗaga yatsa zai yi bayanin dokoki, ta sakar masa matashi a kunne. Ya juye ƙarƙashin gora, ya rataya kamar jemage yana ihu, "Ban shirya ba!" Ta ƙara masa na sallama. Tsundum!

Fili ya ruɗe da shewa. Nan take mata suka fara kiran Bu Warsinah ta tsaya takara, jikokinsa na amsawa.

Ya taso, ba a ganin komai sai ido da haƙori, ga kwaɗo yana leƙowa daga aljihun gabansa. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Lasifika ya nema.

"Jama'a, da gangan na faɗa, don in auna zurfin laka saboda lafiyar yaranmu."

Mbah Kasmo ya matso, ya daɗe yana duban wurin da Shugaba ya yi birgima, yana gyaɗa kai.

"Pak Shugaba, nan ya yi laushi sosai," ya ce cikin ladabi. "In kana da sarari ranar Litinin, ka zo ka ƙarasa mini sauran. Ɓaunar da ke yi mini huɗa ba ta da lafiya."