Yadda Za Ka Hana Littafin Aro Tona Maka Asiri

Idan kana da wani labari da ka daɗe kana cin tuwo da shi a majalisa, kwatsam sai wanda abin ya faru da shi ya tashi ya rubuta littafi, to kwantar da hankalinka, ka zo inda za a share maka hawaye. Matakan nan bakwai an gwada su a kan mutum mai rai, kuma na ba ka tabbacin za su yi maka aiki daidai yadda suka yi masa, babu ragi babu ƙari. Mutumin kuwa shi ne Lauwali, manomin albasa a Goronyo.

Ga matsalarsa a taƙaice. Shekara talatin da biyar Lauwali yana faɗa wa duk mai kunne cewa shi ya ceci Habibu Zomo daga Gulbin Rima. Habibu Zomo dai ai ka san shi, mawaƙin nan mai barkwanci wanda biki ba ya tashi sai an sa waƙarsa. Suna samari, in ji Lauwali, jirginsu ya kife da damina, shi kuma ya yi nutso ya cafko Habibu, ya goyo shi har gaɓa. Da wannan labari yake samun tabarmar gaba a ɗaurin aure, da shi ake kiransa Mai Ceto, har a jikin buhunan albasarsa sunan da ake rubutawa ke nan. Gaskiyar magana kuwa, su biyun duka ruwa ya ci. Wata 'yar masunta mai suna Tani ce tana wankin ƙore a bakin gulbi, ta suri babban goran da ubanta ke hawa yana su, ta faɗa ruwa, ta jawo su ɗaya bayan ɗaya. Tanin nan ita ce matar Lauwali a yau, kuma ba ta taɓa buɗe baki ta gyara masa labari ba. Sai ga shi bara Habibu ya rubuta tarihin rayuwarsa.

Mataki na 1: San inda littafin ya kwana

Kada ka yi wasa da littafi don kawai ɗaya ne. Wanda ya shigo yankin nan ɗaya ne tak, Malam Shafi'u, wani malamin firamare a Wurno, shi ya sayo shi a Sakkwato. Ya kuma kafa masa doka: kowa kwana uku, ka rubuta sunanka da garinka a cikin bangon baya, ka miƙa wa na gaba. In gari ya gama, Ƙasimu direba ya naɗe shi a leda ya tura ƙarƙashin kujera ya kai gari na gaba. Haka Wurno ta gama, ya sauka Rabah.

Kai ma ka yi yadda Lauwali ya yi, ka mayar da tasha gidanka na biyu, kana tambaya kamar abin bai dame ka ba.

"Ƙasimu, wai littahin nan ina yak kwana?"

"Shina Tursa ta ƙasar Rabah, Mai Ceto. Sati mai zuwa sai Goronyo."

"Kai ka karanta shi?"

"Ni tuƙi nika yi, ina nig ga lokaci? Amma duw wanda nib ba, in ya maido sai shi tambaye ni ko na san wani Lauwali."

A nan kada ka daburce. Ka yi murmushi, ka ce ai dole su tambaya. Masana sun tabbatar da cewa mutumin da ke murmushi ba a ganin gumin da ke bayan wuyansa.

Mataki na 2: Riga kowa shiga layi

A Goronyo, Sa'adu tela ne na farko a jeri, wata biyu yana jira. Wannan ba matsalarka ba ce. Ranar da Ƙasimu ya iso, Lauwali ya tare shi tun kafin ya kashe mota, ya rungume ledar a ƙirji. Sa'adu ya iso da zare a kafaɗa yana haki.

"Haba Mai Ceto, ai ni ag gaba!"

"Sa'adu, ji tsoron Allah. Wa ka da hakki da Habibu awa ni? In ba don ni ba, da yanzu kihi ka ba da labarinai."

Jama'a suka ce gaskiya ne, a bar dattijo ya fara. Ka lura da darasin nan da kyau: ƙaryar da kake son karewa, ita ce za ta buɗe maka hanya, don haka ka mora ta tun tana da sauran ƙarfi.

Mataki na 3: Karanta kai kaɗai, inda hawaye ba abin tambaya ba ne

Lauwali ya zaɓi rumfar albasarsa da rana tsaka, kuma a nan ya nuna shi gwani ne. Duk wanda ya gan ka a can idanunka sun yi ja, ba zai zargi littafi ba.

Bai tsaya kan haihuwar Habibu ko makarantar allonsa ba, yatsa kawai ya dinga bi da shi yana neman sunansa. Ya same shi a shafi na arba'in da bakwai. Habibu bai rage komai ba. Ya rubuta yadda jirgi ya kife, da yadda Lauwali ya riƙe masa ƙafa yana kururuwa, "Inna! Inna!", da yadda Tani ta iso a kan gora ta fara ciro Lauwali domin shi ya fi ihu. Abin da ya fi ƙona masa rai ma, Habibu ya rubuta shi ne da so, har ya kira shi amininsa na ƙuruciya.

Sai kuma wata masifa da bai yi zato ba. Masu karatun Wurno da Rabah suna da wata ɗabi'a, duk inda abu ya ba su dariya sai su ɗauki biro su bar ra'ayinsu a gefen shafi. Gefen wannan shafi ya cika maƙil, babu wurin ɗiga alƙalami. Wani ya rubuta, "Wane na Lauwali? Shina da rai?" Wani ya amsa masa a ƙasa, "An ce albasa shika nomawa." Wani ɗan banza ma har zane ya yi, mutum a ruwa da baki buɗe.

Lauwali ya rufe littafin ya zauna a kan buhu. Tsoro ne ya kama shi sosai, irin wanda rabonsa da shi tun ranar gulbin.

Mataki na 4: Riƙe shi, ka yi mirsisi

Kwana uku doka ce ta malamin firamare, kai kuwa ka daɗe da barin firamare. Lauwali ya riƙe littafin kwana goma sha ɗaya, ga kuma uzurorin da ya yi amfani da su, ka ɗiba yadda kake so. Ranar farko tabarau ya ɓata. Da aka samo tabarau, ido ya kama ciwo. Da ido ya warke, ya ce nazari yake yi, littafin manya ba a yi masa karatun gaggawa. Da Sa'adu ya fara zuwa kullum bayan La'asar yana zama a ƙofar gida, sai Lauwali ya koma kushe littafin.

"Wallahi Sa'adu, tausayinka nika ji. Habibu ya tsuhwa, babu komi ciki sai zancen Legas da jirgin sama."

"To ba ni in ga jirgin saman."

Gargaɗi: kada ka kuskura ka ce ya ɓata. Malam Shafi'u mutum ne mai naci, zai iya sayo wani, wannan karon kuma ba ta hannunka zai biyo ba.

A cikin gida ma ka yi hattara. Wata rana Tani tana tankaɗe ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "Malam, an ce littahin Habibu na hannunka. Ya yi zancen gulbi?"

"Bai yi ba."

Ta ce to, ta ci gaba da tankaɗenta.

Mataki na 5: Nemi sabuwar reza

In uzuri ya ƙare, saƙon muryar Malam Shafi'u daga Wurno ya kai bakwai, to lokacin aikin tiyata ya yi. Kada ka yage da hannu kamar ɗan koyo. Lauwali ya sa reza ya bi gindin takardar a hankali, ta fita sumul, ya dunƙule ta ya jefa a magudanar ruwan da ke ban-ruwan gonarsa, ya tsaya har ta nutse. Ya duba littafin gaba da baya, ko alama babu. Ranar ya ci tuwo malmala biyu.

Mataki na 6: Miƙa shi a gaban jama'a da fara'a

Abin da Lauwali ya manta shi ne, a Goronyo ba kowa ke da haƙurin bin layi ba, kuma ba kowa ke karanta boko ba. Don haka da littafin ya shiga hannun Sa'adu, sai ya ajiye ɗinki, ya shimfiɗa tabarmi a gaban shagonsa, ya ce da ƙarfi zai karanta kowa ya ji. Aka sa Lauwali a gaba, tunda shi ne Mai Ceto.

Rana ta biyu aka iso gulbi. Sa'adu ya gyara murya ya karanta ƙarshen shafi na arba'in da shida: "Muna tsakiyar ruwa sai jirgi ya kife, sai na ji Lauwali..." Ya ɗaga ido zuwa shafi na gaba: "...haka na isa Kano da takalmi ƙafa ɗaya."

Wani dattijo ya ce, "Daga cikin gulbi sai Kano? Ta ƙarƙashin ƙasa yab bi?"

Sa'adu ya lashi yatsa ya murza takardar ko biyu ne suka manne. Ya duba lamba, arba'in da shida, sai arba'in da tara. Sannan idonsa ya sauka a gefen shafin. Ka tuna masu biron nan na Wurno da Rabah? To, wuri ya ƙare musu a shafin da aka yanke, shi ya sa suka ci gaba a na gaba. Sa'adu ya karanta wa jama'a a hankali: "Na wuce shahi biyu amma har yanzu dariyar Lauwali nika yi. Inna! Inna!" A ƙasa kuma da wani rubutun: "Gora guda, ƙatta biyu. Tani, Allah shi biya ki."

A irin wannan lokaci kada ka gudu. Ka miƙe ka ce hassada ce ta mutanen Rabah, tun da daɗewa suna baƙin cikin albasar Goronyo. Haka Lauwali ya yi, kuma da ta yi aiki, sai dai Sa'adu ya kira Malam Shafi'u a waya ya buɗe murya kowa na ji. Malamin ya karanta littafin sau huɗu. Ya zubo shafin nan da ka, har da kwaikwayon kururuwar. Mutane suka dinga faɗuwa a kan tabarmi, dattijon nan sai da aka ba shi ruwa.

Mataki na 7: Bar wa matarka sauran aikin

Dariya ba ta ƙoshi sai da shaida, don haka ayari ya taso har zauren Lauwali, shi kuma yana biye a baya kamar baƙo. Sa'adu ya yi sallama ya ɗaga murya.

"Yaya Tani, don Allah gaskiya muka bida. Wa ac ceci wani?"

Daga bayan zana ta amsa, muryarta ko rawa babu. "Ihu dai ya yi, wannan gaskiya ta. To in bai yi ba, ni da ka wankin ƙore can nesa, ƙaƙa zan ji? Habibu shiru yay yi shina shan ruwa. Muryar Malam ta kira ni. Ku tai ku nemi abin yi."

Aka dubi juna. Wani ya ce ai kuwa da wannan, ihu ma ceto ne. Ayari ya watse yana gardama, rabi na cewa Mai Ceto, rabi na cewa Mai Ihu. Ka ga amfanin tsarin namu ke nan, mutum ya tsira da rabin sunansa.

Lauwali ya shiga gida yana jin iska na ratsa shi. Ya tarar da Tani tsaye a tsakar gida tana goge hannu da gefen zane, fuskarta da wani annuri da ya daɗe bai gani ba.

"Malam, da gaske sunana na cikin littahi?"

"Shina ciki."

"Sau nawa?"

"Huɗu."

"Amso mini in gani. Ban iya karatu ba, amma na san sunana in na gane shi."

Lauwali ya ce takardar da ke da sunan nata ba ta cikin littafin. Ta ce tana ina. Ya faɗa mata.

Annurin nan ya bar fuskar Tani. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi masa sauƙi.

"Shekara talatin da biyar na bar maka gulbi duka, Malam. Takarda guda ta, ka kasa bar mini."

Babu mataki na takwas. Na bincika ko'ina, ban samu wanda ya san abin da ake cewa a nan ba.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ruwansa da duk abin da ya biyo baya, ko sabon laƙabi ne, ko fushin mai littafi, ko tuwon da za a ajiye maka ba tare da an dube ka ba. Reza taka ce, hannu naka ne, matar ma taka ce. Kuma idan ka ga wani dattijo a gidan gaba na motar Ƙasimu, ana tsakiyar cirar albasa ya bar gona ya nufi Sakkwato yana tambayar inda ake sayar da littattafai, kada ka ce ni na aike shi. Tani ce ta ce sabo take so, kuma shi da bakinsa zai karanta mata, yana nuna mata da yatsa, ba tsallake ko layi ɗaya.