Sikelin da Kwamfuta Ta Ƙi Saki

Baba Maikano ya shekara goma sha ɗaya yana gadin wani kamfanin casar shinkafa a hanyar Haɗeja, ko tsintsiya ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Sai rannan aka wayi gari babu sikelin awon buhuna, wanda ke haɗe da kwamfutar ofis. Wurin da yake zaune fayau, sai shatinsa a kan siminti da guntuwar waya tana reto. Hankalin Baba ya tashi matuƙa, don iyalinsa da wannan gadin suke ci.

Abin da ya cece shi na ɗan lokaci shi ne manaja. Mutum ne da ya fi yarda da kwamfuta a kan idonsa, ita kuwa ta dage sikeli na nan lafiya lau, ana ma aiki da shi. Kwana uku manaja na zuwa ya tsaya a kan shatin, ya koma ya leƙa allo, ya dawo yana shafa ƙeya. Har leburori ya sa suka ɗora buhu a kan simintin, kwamfuta ta ce kilo hamsin cif. Baba da bai taɓa ƙaunar na'urar nan ba ya koma goge mata ƙura da hannun rigarsa.

A rana ta huɗu aka kira Injiniya Saratu, wadda ta rubuta manhajar da ke haɗa sikelin da kwamfuta. Ta yi bayani cewa duk na'urar da aka jona, kwamfuta na ajiye mata wakili a cikinta, kuma ba ta sallamar wakilin sai duk masu riƙe da shi sun sake shi. Wani sashe na manhajar ya riƙe, ya manta bai saki ba, shi ya sa take ta maimaita awon buhun ƙarshe. Ta ce kuskurenta ne, layi ɗaya na rubutun manhajar za ta gyara.

Baba ya matso ya rage murya. "'Yata, ki bar layin nan yadda yake. Duk kamfanin nan ita kaɗai ce shaidata."

Saratu ta ba shi haƙuri, ta gyara. Nan take allo ya nuna babu sikeli. Manaja ya yi salati kamar yanzu aka yi satar, ya juyo ya ce wa Baba ya ajiye tocila da sanda, kamfani ba ya zama da wanda za a fitar da kaya bai lura ba.

Baba ya gyara tsayuwa, ya nuna kwamfutar da haɓa.

"Ranka ya daɗe, in rashin lura ne laifin, a fara sallamar wannan. Ni a bayan idona aka ɗauka, kuma da safe na gane. Ita a jikinta aka cire, sai yau aka zo daga gari aka gaya mata."