Ni da Littafin Bajimin Sa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya gaban yara ina yabon littafi ba, ni da ko sunana ban iya karantawa da boko ba.

Lokacin boren sojoji ne. Makarantu a rufe, hanyar cikin gari a tsare, mu a kasuwar Kilomita Biyar ƙofar shago rabi muke buɗewa, kunne na wajen harbi. Yara kuwa da sun ji ƙara sai su ruga kallo. Shi ne Madam Awa, wata malama maƙwabciyarmu a unguwar Yakite, ta ce a riƙa tara su a tsakar gidanta da hantsi ana karatu. Ta ƙara da cewa kowane uba zai kawo littafi ɗaya, ya faɗa wa yara da bakinsa abin da ya sa yake da daɗi.

'Yata Hajara, shekararta tara, ita ce ta ɗaya a ajinsu, kuma ta ɗauka ubanta ya iya karatu. (Ni na sa ta ɗauka. Kullum akwai jarida a kan kantata, in ta kawo takarda kuma sai in ce tabarau ya ɓata.) Wallahi ban ji tsoron harsashi kamar yadda na ji tsoron yarinyar nan ta gane ba.

A kwanakin littattafai sun cika bakin titi, daga ofisoshin da aka fasa. Masu ƙosai ke saye don naɗe kaya. Na tsuguna gaban wata tabarma a hanyar kasuwar Kokoro, na zaɓi wanda ya fi hotuna. Bajimin sa ne a bangon, ja, kyakkyawa. A ciki an kama shi da igiya, an kayar, mutum huɗu sun danne shi, wani na riƙe da ƙaton ƙarfe. A shafin ƙarshe ga shi tsaye cikin ciyawa, ya yi ƙiba. Na ce shi ke nan, labari ya haɗu.

Ranar tawa ta zo. Iyaye na zaune a benci, yara a ƙasa.

"Baban Hajara, bismilla," in ji Madam.

Na ɗaga littafin. Na ce wannan labarin jarumin sa ne da 'yan fashi suka kama, ya yi haƙuri, Allah ya kuɓutar da shi. Ina yi da Hausa ina haɗawa da Sango, yaren garin, don ƙananan. Aka yi harbi can nesa, ko yaro ɗaya bai motsa ba. Kaina ya kumbura. Har na ce, "Sau uku na karanta shi, yara. Ku ma ku karanta."

Madam ta ce, "Hajara, zo ki karanta mana shafin farko."

Ta karɓa, ta duba. Ta ɗago ta kalle ni, ta sake sunkuyar da kai.

Sai Malam Idi mahauci ya leƙo ta kafaɗarta.

"Alhaji, wane irin 'yan fashi? Wannan ƙarfen ai na dandaƙa ne! Littafin likitocin dabbobi ka kawo mana!"

Benci ya girgiza da dariya. Madam ta toshe baki da gyale. Wata ƙaramar yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Madam, mene ne dandaƙa?" (Har yau ban san abin da aka ce mata ba. Kunnena ya daina aiki.)

Muka kama hanyar gida har muka kai ƙofa. Hajara ta kama hannuna.

"Baba, naka labarin ya fi nasu daɗi."

Na ce, "Tun yaushe kika sani?"

"Jaridar kan kanta, tun kafin azumin bara ita ce. Ba ka canja ba."

Shekara guda ina ɓoye wa yarinya abu, ashe ita ke rufa min asiri. Daga ranar ita ke karanta min, in zauna kamar ɗan aji ɗaya.

Yanzu in an ce in yabi littafi, sai na sa an karanta min tukuna. Kuma in na ga wani ya yi ƙiba a shafin ƙarshe, nakan tambayi abin da ya rasa a tsakiya.