Yadda Na Tona Asirin Likitan Bosniya

Bayan yaƙin Jamus, wani likita ɗan Bosniya ya sauka a gidan baƙin da nake kula da shi a unguwar Misfala, cikin Makka. Fari ne sol, ido kamar na mage. A jikin jakarsa akwai tambarin tagulla: wani tsoho riƙe da sanda, an kewaye shi da rubutun Nasara.

Na tambaye shi. Ya ce, yana kirana baffa da Larabci, "Sunan jami'armu ne a ƙasar Jamus, ya ammi. Da Latin ake rubuta shi, sunayen sarakuna biyu da suka gina ta."

Latin? Harshen coci! Ni da na yi furfura ina saukar alhazai, ba a yi mini rufa-ido. Kafiri ne ya saɗaɗo Makka.

Na raɗa wa maƙwabcina Sule tela. Ya ce, "Yaya, bi a hankali." Na ce ya zuba ido kawai.

Ran nan ruwa ya cika layinmu, ya hana mu zuwa Harami da asuba. Na tara maƙwabta a zaure, na tura likita gaba. "Bisimilla, ja mu." Na tabbata ko Fatiha ba zai kai ba.

Mutumin nan ya ɗauko Baƙara, da ƙira'a mai sa kuka, ko wasali bai tsallake ba. Ni kuwa ga ciwon gwiwa, ga kunyar zama. Sai da ya ga ƙarshenta. Ranga-ranga aka kwashe ni, shi ya ɗaure mini gwiwar.

Har yau, in liman ya tsawaita, ana sallamewa Sule zai zungure ni: "Yaya, wannan ma Latin ya karanta?"