Ramin Beguwa Ba Shi da Ƙofar Baya

A wani daji akwai rumfa guda a gindin tsamiya, inda masu zanen ƙwarya ke kai aikinsu Kunkuru ya sayar musu. Beguwa ce tsohuwar cikinsu. Da ƙayar jikinta take zane, ƙwarya ɗaya kan ci mata wata guda da ƙaya bakwai, kuma ba ta san wata hanyar ciniki ba sai rumfar nan.

Da kasuwa ta mutu, Kunkuru ya tara su ya ce, "Jama'a, na gaji. Kullum sai ku sa farashin wuri ashirin a rumfata, mai saye ya zagaya ta ƙofar baya ku sallama masa a biyar. Bara Giwa ta saya a ashirin, ta je ta tarar da irinta a gidan Kura, ta biyar. Wa zai ƙara yarda da mu? In kasuwar Laraba ta tashi ban sayar da ko ɗaya ba, na rufe."

Biri ya yi tsalle ya ce, "Allah wadaran mai karya farashi! Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka!" Maganar ba ta fita sosai ba. Beguwa ta lura da wuri biyar a kumatunsa, ta sunkuyar da kai.

Ran Laraba Giwa ta zo rumfar, Beguwa na zaune a gefe, ta daɗe tana jujjuya ƙwaryar tsohuwar.

"Iya, nawa?"

"Ashirin, ranki ya daɗe."

"Na ji na rumfa. Na gida fa?"

"A gida ma ashirin ne."

Giwa ta yi dariya. "Haka Biri ya ce mini bara, har da rantsuwa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Zan biyo da la'asar, Iya."

Kunkuru ya fara naɗe tabarmar rumfarsa.

Da la'asar Beguwa na zaune a bakin raminta da ƙwaryar a gabanta. Giwa ta zo, ta wuce ta, ta zagaya ramin sau uku tana neman ƙofar baya. Da ba ta samu ba, ta yi tsaki ta nufi gidan Biri.

Washegari aka ga Beguwa tana haƙa ta bayan raminta. Da aka tambaye ta, ta ce iska ce ba ta shiga.